Azumin Fankar Garwa

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, kuma tun da hantsi aka ɗauke mana wuta. Fankar da ke rataye a ɗakina ta yi ta rage gudu har ta tsaya cak. Jikata Ummi ta ɗauko mafici ta zauna gefena tana yi mini fifita, ba a je ko'ina ba ta fara sauya hannu tana tsaki. Na ce, "Ke 'yar nan, tun yanzu?" Ta ce, "Kaka, ai likita ya ce ki ajiye azumin nan, ke ce kika ƙi." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, don na san inda na gaji wannan taurin kai.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan, tun Turawa ba su tafi ba, azumi ya taɓa samun mu a irin wannan zafi. Lokacin ina aure a Nguru, bayan tashar jirgin ƙasa, inda komai warin gawayi da gyaɗa yake yi. Ana saura kwanaki a ga wata aka aiko mini daga Gashuwa cewa Baba ba lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, tari ya hana shi kwanciya. Na ɗaure kayana na hau bayan mota, a kan buhunan gishiri, na tafi gida.

Shekarar ba ta zo da kyau ba. Damina ta ɗauke tun gero bai cika ido ba, kogi kuma bai malala fadama kamar yadda ya saba ba, shinkafar da aka shuka ta bushe a tsaye. Da bazara ta kama sai kogin ya tsinke ya koma kududdufai, kifin da ya rage ya taru a laka yana haki. Na tarar da rumbunmu sai an zura hannu har kafaɗa kafin a taɓa zangarniya. Yayata Kaltume, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta, ita ke riƙe da madafa. Takan auna gero da ƙaramin ƙoƙo, ta haɗa da bado da muke tonowa a laka, a daka tare. Da shi ake kunun shan ruwa, da shi ake tuwon sahur, miyar kuwa kuka ce da ɗan gutsuren banda don ƙamshi.

Zafin ba na wasa ba ne. Da rana ta ɗaga, ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi. Kaji su buɗe baki su fake a gindin randa, ruwan randar ma ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta. Iska in ta kaɗo gara ba ta zo ba. Bangon ɗaki yakan sha rana tun safe, ya yi ta amayar da ita har bayan magariba.

A cikin wannan hali Baba ya ɗauki azumi. Masunci ne, ɗan ƙabilar Bade, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan gora da kwale-kwale, kuma bai taɓa shan azumi ba tun da ya balaga. Limamin unguwa ya zo da kansa ya ce masa, "Allah ya ɗauke maka, tsufa ga ciwo. Ka sha, a riƙa ciyar da mabuƙaci a madadinka." Baba ya yi godiya, ya sa aka raka shi. Da liman ya fita ya dube mu ya ce, "Da wane geron za a ciyar? Da wanda za a cire daga bakin yaran nan?" Na yi kuka, Yaya Kaltume ta yi faɗa, ƙanwarsa ta taso tun daga Dagona ta yi magiya. Duk ya saurare mu, sahur na yi ya ce a miƙo masa ƙoƙonsa.

Abin da ya rage mana shi ne fifita. Da safe mu ɗebo ruwa daga rijiyar da aka haƙa a cikin yashin kogi, mu yayyafa a ƙasan ɗakin, mu jiƙa zane mu rataya a ƙofa. Daga nan sai mafici. Ni in yi har hannuna ya mutu, Yaya ta karɓa, maƙwabciya ta shigo ta karɓe ta don ta je ta yi surfe. Dukanmu da azumi a baki, ga daka, ga tonon bado. Tsakanin azahar da la'asar ne tashin hankalin, don a nan numfashin Baba yake yin sama, leɓensa ya tsage, idonsa ya faɗa. Kullum in rana ta karkata sai in ji kamar an dawo mini da shi daga bakin kabari, kuma na san gobe ma haka za a yi.

Maigidana, wanda har yau ba na kiran sunansa sai dai in ce Malam, makanike ne. Iyayensa mutanen Kano ne da suka biyo jirgi suka zauna Nguru. Shi ke tuƙa motar wani attajiri, shi ke gyaranta, yana ɗaukar banda da fatu da ƙaro daga Gashuwa zuwa tasha, ya dawo da gishiri da kananzir. Baba ya ba shi ni da hannunsa, amma bai taɓa ɗaukar aikinsa a matsayin sana'a ba. In zai ambace shi sai ya ce "mai baƙin man nan". Ga kuma kunyar surukai. Malam ba ya wuce zaure a gidanmu, can zai tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa, a kai saƙo ciki a dawo da amsa. Shiga ɗakin Baba, ko ci ko sha a gabansa, wannan ko a mafarki.

Ya zo ya ga yadda kafaɗata ta sage, ya koma Nguru. Zuwansa na gaba sai ga shi da wani abu a buhu. Ya buɗe a zaure, ni da Yaya muka tsaya muna kallo. Wani dunƙulen ƙarfe ne naɗe da wayar tagulla, an kewaye shi da lanƙwasassun ƙarafa masu ƙafa biyu da ya ciro daga matattun injuna a bayan tasha. A gaba ya yanka garwar kananzir ya yi mata kunnuwa, har rubutun garwar ana gani. Ga batir na mota a gefe. Ya jona waya, abin ya yi ƙara ya ɗauki gudu, kallabin Yaya ya tashi sama. Ta yi salati ta ja da baya, ta ce, "Wannan kuma wace irin masifa ce?" Ya ce, "Fanka ce, Yaya. Irin ta gidan Turawa, sai dai tawa 'yar talakawa ce."

Muka kai ta ɗakin Baba muna murna. Yana ganin ta tana juyi ya ɗaga hannu ya ce a tsayar. Ya ce, "Wa yake juya ta?" Na ce, "Batir ne, Baba." Ya ce, "Batir ɗin yana da hannu? Ga shi can a ajiye ko motsi bai yi ba. Zara, abin da yake juyi ba hannu ba iska ba ruwa, na san masu juya shi. Ba zan yi azumi aljanu suna yi mini fifita ba. Fitar da ita."

Raina ya ɓaci, na fita zaure na zazzage wa Malam, kamar shi ya yi laifin. Ya murza gemu ya ce, "Baba ya yi gaskiya, bai ga mai juyawar ba. A nuna masa." Na ce, "To shiga ka nuna masa mana." Ya zaro ido ya ce, "Ni? Ɗakin Baba?" A ƙarshe dai aka shirya, shi ya tsuguna a bayan zanar da ta kare ƙofar ɗakin, inda za a ji muryarsa ba a gan shi ba, ni kuma na zama hannunsa.

Ya miƙo mini ɗaya daga cikin lanƙwasassun ƙarafan nan, da allura, da siririyar wayar tagulla. Ya ce, "Ki ce wa Baba wannan mayen ƙarfe ne." Baba ya ce, "Na san shi. Wani madugu ya taɓa nuna mana a kasuwa." Na matsar da allurar, tun ba ta kai ba ta kuɓuce daga yatsuna ta manne. Sai Malam ya sa na ɗora kwali a kan ƙarfen, na barbaɗa garin ƙarfen da ya kankaro da magagari, na ƙwanƙwasa a hankali. Garin ya tashi ya jeru da kansa, layi-layi, yana fitowa daga ƙafa ɗaya yana lanƙwasawa zuwa ɗayar. Tsigar jikina ta tashi. Baba ya ce in matso da shi kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ashe wurin da muke gani fanko ba fanko ba ne."

Malam ya ce, "Yanzu ki kai masa wayar." Na kai, na goga, na juya, ko gezau. Mayen bai kula ta ba. Ya ce, "To, ki rataya ta sako-sako ta ratsa tsakanin ƙafafun nan biyu, kar ta taɓa ko ɗaya. Ki ɗaura baki ɗaya a kan batir. Ɗayan bakin ki taɓa ɗaya kan da shi, taɓawa kawai, ki ɗauke." Na taɓa. Tartsatsi ya yi ƙyas, wayar nan da take kwance kamar matacciya ta yi tsalle ta fice daga tsakanin ƙafafun. Na saki ihu na yar da ita, Yaya ta ruga waje.

Baba kuwa ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya kwana biyu bai yi da kansa ba. Ya ce, "Sake." Na sake, ta sake tsalle. Ya ce, "Ba wajen ƙarfen ta je ba. Allura wajensa ta je. Wannan ba ta je dama ba, ba ta je hagu ba, waje ta yi." Malam ya ce daga bayan zana, "Haka take yi, Baba. Ki sauya bakunan, na nan ya koma can." Na sauya, na taɓa, sai wayar ta faɗa ciki maimakon waje. Baba ya ce, "Kife ƙarfen mu gani." Na kife shi, ta koma yin waje. Ni dai bakina a buɗe yake, na ma manta da ƙishirwa.

Baba ya ce, "Tambaye shi, me ya shiga wayar?" Malam ya ce, "Lantarki ne, Baba, daga batir yake fitowa ya bi cikinta da gudu. In ba ya gudu, mayen ba ruwansa da ita. Da ya fara gudu, sai ƙarfin nan da kuka gani a kan kwali ya ture shi gefe, wayar ta bi shi. A cikin fankar wayoyi ne da yawa a naɗe, na sama ana tura su nan, na ƙasa ana tura su can, shi ne take juyawa." Baba ya dubi wayar. Can ya ce, "Lantarkin nan, yana kama hannu ya girgiza mutum har kafaɗa?" Malam ya ce, "Mai ƙarfinsa yana yi." Baba ya ce, "Minjirya ke nan. Ta sha kama ni a cikin koma. Kifi ce kamar kowane kifi, Allah ya zuba mata abin a jiki." Ya sake duban wayar, ya ce, "Kuma ruwa ma haka yake. Yana gangarawa gabas, ka kafa filafili a karkace, jirgi ya tafi gaɓa. In ruwan tsaye yake, kafa har gobe." Ya koma ya kwanta yana tasbihi, hawaye na bin gefen idonsa, ya ce, "Allah mai iko. Na kusa mutuwa ban san akwai wannan a duniya ba. Kunna ta."

Daga ranar gidan ya ɗan sami sauƙi. Batir biyu ne, ɗaya yana cikin mota yana cika, ɗaya yana ɗakin Baba, in Malam ya zo a musanya. Ba ma kunna fankar sai an yi azahar, la'asar na yi mu kashe, don kar ta shanye batir. Mu rataya jiƙaƙƙen zane a gabanta, iskar ta fito da sanyi-sanyi. Tsofaffin unguwa suka mayar da ɗakin wurin hira, kowa ya shigo da gaisuwar "wushe, wushe", ya nemi gefen da iska ke bugawa. Baba ba ya barin kowa ya tafi sai na nuna masa tsallen waya, shi kuma yana bayani kamar shi ya ƙera ta. Wani tsohon abokinsa ya sa zobensa na azurfa kusa da mayen don ya kama shi da ƙarya, mayen bai ja shi ba, aka yi ta dariya. Amma azumi dai bai ajiye ba, kullum ƙara ramewa yake yi.

A goman ƙarshe zafi ya kai maƙura. Hadari yakan haɗu a gabas ya yi baƙi, mu fito da kwanuka, ya watse ya bar mu da gumi. A irin wannan lokaci ne ranar zuwan Malam ta zo ta wuce ba mota ba labari. Fankar ta fara jan jiki, washegari ta yi ɗan juyi ta tsaya. Muka koma wa mafici, amma Baba ya riga ya yi rauni. Ranar da ta biyo baya, da azahar, na kira shi bai amsa ba, sai da na jiƙa masa fuska ya buɗe ido. Na kawo ƙoƙon ruwa na durƙusa na ce, "Baba, don Allah, don Annabi." Ya kawar da kai. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Muna cikin haka muka ji sallama a zaure, murya kamar ta wanda aka shaƙe. Na fita na ga jaki a ƙofar gida, an ɗaura masa batir a gefe ɗaya, ƙaramin buhu a ɗaya gefen. Malam yana jingine da bango, ƙafafunsa sun yi fari fat, ruwan batir ya cinye masa gefen riga. Ashe ƙarfen ƙafar motar ne ya karye a cikin rairayi bayan sun wuce Jajimaji. Ya jira taimako bai zo ba, sai ya bar yaran mota da kaya, ya ciro batir, ya nemi aron jaki, ya tako tun asuba. Ya ce, "Kai masa," sai ya zame ya zauna a ƙasa.

Na jona wayoyin da kaina, fankar ta ɗauka. Baba ya ja numfashi, ya ce, "Ban ji ƙarar mota ba." Na gaya masa abin da ya faru. Ya ce, "Da ƙafa? A ranar nan? Ya sha ruwa?" Na ce, "Yana azumi." Ya ce, "Matafiyi ne, Allah ya ɗauke masa. Shigo da shi." Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "Zara, kurma kika zama? Shigo da shi nan inda iskar take."

Ni da Yaya muka kamo shi yana turjewa, yana cewa a bar shi a zaure. Ya zube a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Baba ya ce, "Ba shi ruwa." Malam bai ɗago ba, ni ya yi wa magana, ya ce, "Ki ce wa Baba na gode, amma rana ta kusa." Baba ya ce, "Rana tana tsaka. Ɗana, ka sha. Wanda ya yi rangwamen ya fi ka sanin jikinka." Wannan ne karo na farko da na ji Baba ya yi masa magana kai tsaye. Malam ya ce da muryar da da ƙyar take fita, "Baba, mara lafiya ma an yi masa rangwamen. Ba zan sha ina kallonku ba. In kun sha, na sha."

Fankar tana ta juyi. Baba ya dubi tsagaggun ƙafafun nan, ya dubi rigar da ta ƙone. Ya ce, "Mai baƙin man nan zai kashe kansa a ɗakina." Ya miƙo hannu, na ba shi ƙoƙon. Ya yi bismilla ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya miƙa wa Malam sauran da hannunsa. Malam ya juya baya ya sha. Yaya ta toshe baki da zane ta fita. Kusan wata guda muna jan tsohon nan ta gaba bai motsa ba, sai ga shi an ture shi ta gefe.

Buhun da ke kan jakin gero ne. Da shi Yaya ta riƙa ciyarwa a madadin Baba har aka ga wata, kuma bai taɓa tambayar inda ya fito ba. Ya ga sallah, ya ga ruwan farko, ya ga damina biyu bayan wannan. Malam kuwa ya koma tsayawa a zaure kamar da, sai dai Baba yakan sa a fitar masa da tabarma can su yi ta gardama a kan inji da kifi.

Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya. Fankar ta daɗe da lalacewa, amma mayen ƙarfen yana nan a cikin adakata, allurai sun manne masa. Har yau in na ga fanka tana juyi sai in tuna wayar nan tana tsalle a hannuna, kuma har yau tsigar jikina tashi take yi.

Wuta ba ta dawo ba. Na dubi Ummi, ta sauya hannu ban san sau nawa ba, gumi ya jiƙa mata hijabi, leɓenta ya bushe, ita ma da azuminta. Na ce, "Ajiye maficin nan ki huta." Ta ce, "In na ajiye ke fa?" Na daɗe ina kallon yarinyar. Na ce, "Tashi ki ɗebo mini ruwa a randa, ki haɗo da maganin da likitan ya bayar."